Akori-kurar da ta ɗaga hanci: yadda muka gano kayan ɗaga gaban wata F-150, da abin da muka sa a madadinsu

Wata huɗu da sayen motar ƙanina ya kawo min ita gareji. Ford F-150 ce mai jan ƙafa huɗu, mai ƙofa huɗu, ya saye ta a hannun wani don sana'arsa ta walda. Injin walda, tukwanen gas da ƙarafa su ne kayanta na kullum, wani lokaci kuma ya ɗaura mata ƙaramar tirela. Ƙorafinsa uku ne. In ya faɗa rami ko ya sauko daga tudun rage gudu, sai ya ji "ƙwas" a gaba kamar an sauke guduma a kan ƙarfe. Tayoyin gaba, waɗanda ya samu kusan sababbi, sun fara cinyewa ta gefe ɗaya. Da dare kuma duk motar da ta tunkaro shi sai ta yi ta walƙa masa fitila, alhali ƙaramar wuta ya kunna.

Ya zo da cutar da maganinta duk a bakinsa. Ya ce: "Yaya, ai na riga na gano abin. Shoka ce ta mutu. Akwai sifesa a samanta, na auna da tef, inci 2 ce, kuma kowa ya ce inci 2 ba ta da illa. Na ga sababbin shoka na 2013 a intanet. Ka duba min kawai in yi oda, mu sa su, mu mayar da sifesar."

Sifesar da yake magana a kai faifai ne da ake cusawa a saman shoka don a ɗaga gaban mota. Abu ɗaya ya faɗa daidai, shokar ta gaji. Shekarar motar da girman kayan kuwa duk ya kuskure, kuma da ya yi odar nan, da abin da zai zo ba zai ma ɗauru a jikin motar ba. Na ga mutane da yawa sun faɗa wannan rami ta ƙofa ɗaya, shi ya sa na zauna na rubuta yadda muka bi lamarin daki-daki.

Da gangan ake ƙera akori-kura bayanta ya fi gabanta tsayi. Sifirin ɗin baya an yi shi ne don kaya, in aka loda sai bayan ya zauna, motar ta miƙe sosai a daidai lokacin da take bakin aikinta. In babu kaya kuwa sai ka gan ta kamar ta sunkuyar da kai, yawanci da inci 2 ko ɗan sama da haka. Kayan ɗaga gaba, waɗanda masu sayarwa ke kira lebelin kit, aikinsu su cike wannan tazara: gaban ya tashi, motar ta yi kyan tsayuwa, taya mai ɗan girma ta samu wuri. Ba sa ƙara wa mota ƙarfin ɗaukar kaya ko da kilo ɗaya. Adadin da ke kan takardar jikin ƙofar direba yana nan yadda yake.

Shekarar motar

Kafin in taɓa sifana, lambar shasi na fara dubawa, wadda ke ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba. Tun 1981 lambar nan haruffa da alƙaluma 17 ce, kuma a motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka na goma a jere shi ke nuna shekarar samfurin. D na nufin 2013, E na nufin 2014. Na sa yatsa na ƙirga har sau biyu, na kira shi ya ƙirga da kansa. E ce.

Ya ce ai jikin ɗaya ne, me shekara guda za ta canja? Gaskiyarsa ta fuskar jiki, domin F-150 daga 2009 zuwa 2014 tsara ɗaya ce, sai a 2015 aka fito da sabuwa mai jikin alminiyam. Amma kama da wane ba ta wane. Na sa shi ya kwanta a ƙasa ya leƙa inda gindin shokar ya haɗu da hannun ƙasa, wato ƙarfen da ke haɗa taya da shasi ta ƙasa. A motocin 2009 zuwa 2013, ƙatuwar ƙusa ɗaya ce take ratsa gindin shokar a kwance. A 2014 aka sauya, gindin ya koma mai ɗan sanda a gicciye da ƙusoshi biyu masu sauka cikin hannun. Biyu ya gani a tasa. Shokar da ya zaɓa a intanet mai rami ɗaya ce, ba ta da inda za ta kama.

Irin wannan tarko ya yi yawa a duniyar akori-kura, kuma kusan kullum a shekarar sauyin tsara yake. A 2004 Ford ta sayar da F-150 iri biyu: sabuwa mai sifirin nannaɗe a jikin shoka, da tsohon jiki mai suna Heritage, wanda mai jan ƙafa huɗunsa a kan sandar murɗawa yake tsaye, wato doguwar sandar ƙarfe da ke aikin sifirin ta hanyar murɗuwa. A 2007 Chevrolet ta yi haka da Silverado 1500, tsohuwar ta ci gaba da suna Classic. Ram ma daga 2019 ta riƙa sayar da 1500 Classic kafaɗa da kafaɗa da sabuwar. Hilux mai jan ƙafa huɗu ta bar sandar murɗawa ta koma sifirin mai nannaɗe da tsarar da ta fito wajen 2005. Duk wanda ya yi oda da shekara kaɗai a waɗannan motoci, caca ya yi.

Na ƙirga notin taya kuma. Shida ne, wato F-150 ce ta yau da kullum. A wancan zamani akwai mai noti 7, wadda aka ƙarfafa don kaya masu nauyi, akwai kuma Raptor mai faɗin ƙafa da shoka daban, kuma kayan wannan ba lallai su dace da waccan ba. Cikin minti goma muka rubuta abin da muke da shi a takarda: 2014, jan ƙafa huɗu, noti 6, gindin shoka mai ƙusa biyu.

Awo

Mun ajiye ta a kan siminti mai lebur, babu kaya, tanki cike, muka tura ta gaba da baya kaɗan don ƙafafun su saki. Daga tsakiyar cibiyar taya nake awo zuwa bakin madigad, a miƙe. Mutane da yawa daga ƙasa suke farawa, wannan kuwa yana shigo da girman taya da iskarta cikin lissafi, sai awon ya ruɗa ka. Cibiya ba ruwanta da taya.

Gaban hagu ya ba da inci 24 da rabi, gaban dama 24 da kwata uku, baya duka biyu 23 da kwata uku. Ƙaramin bambanci tsakanin hagu da dama bai dame ni ba, yawancin motoci suna da shi saboda nauyin tanki da direba. Abin da ya tsaya min shi ne gaba ya zarce baya da kusan inci guda, kuma ko tsinke babu a bayan motar. Don kada yankan madigad ya yaudare mu, tunda ba dole na gaba da na baya su zama tsayi ɗaya ba, na ɗora lebul ɗin magina a kan gefen akwatin kaya. Kumfar iskar da ke cikinsa ta gudu wajen gaba. Hancinta a sama yake.

Awon nan shi kaɗai ba ya gaya maka nawa aka ɗaga, sai ka san inda aka tashi. Mun yi sa'a wani abokin aikina yana da irinta sak, wadda ba a taɓa mata komai ba. Tasa ta ba da 21 da kwata uku a gaba, 24 a baya. Ke nan bayan tamu ya ɗan zauna da kwata, abin da ba mamaki ga motar aiki, gabanta kuma an ɗaga shi da kusan inci 3.

Ƙanina ya girgiza kai. "Yaya, da hannuna na auna. Inci 2."

Gane abin da ke jikinta

Muka ɗaga ta, muka cire tayoyin gaba. Kafin a ce ga irin kayan da ke jikin mota, wurare huɗu ake dubawa, kuma ina duba su duka ko da na ga wani abu a na farko, domin akwai masu ɗora wani a kan wani. Saman shoka, tsakaninta da kwanon shasi: in akwai faifai mai kauri a nan, sifesar sama ce. Cikin shokar, a ƙarƙashin hularta ko a mazaunin sifirin: in akwai zobe da ya ƙara matse sifirin ɗin, wannan mai matsi ce. Jikin shokar kanta: in ka ga tsagi-tsagi a jere da zoben kilif a ɗaya daga ciki, ko zare kamar na ƙusa da babban noti, to shoka ce mai daidaita tsayi. Sai gindinta, inda a wasu motocin, musamman Silverado da Sierra 1500 daga 2007, ake cusa ƙaramin ƙarfe tsakanin shoka da hannun ƙasa.

Motar da ke kan sandar murɗawa ba a nan ake neman nata ba. Sai ka bi sandar zuwa bayanta, ƙarƙashin ɗakin direba, ka dubi makullin da ke riƙe da ita da ƙusar da ke tura shi. Manyan motoci masu gatari guda a gaba, irin F-250 daga 2005 ko Ram 2500 masu jan ƙafa huɗu, nasu faifan a kan sifirin yake zaune kai tsaye.

A tamu, na farkon kaɗai muka samu. Faifai ne baƙi, mai ramuka uku da ƙusoshi uku a tsaye, an jera su bi da bi a zagaye. Na manna masa mayen ƙarfe, bai kama ba, na karce gefensa da wuƙa sai fari ya fito: alminiyam ne da aka sassaƙa daga dunƙule guda. Na goge shi da burushin waya ko zan ga suna ko lamba, domin kamfanonin kirki sukan zana lambar kayansu a jiki. Ko harafi ɗaya babu. Wanda ya sayar da motar ma, da aka kira shi, ya ce haka ya same ta. Shokar kuwa ta asali ce, takardar lambarta tana manne, jikinta jiƙe da mai da ƙura ta daskare a kai. Sifirin na asali, hannun sama na asali. A baya ma tubalin ƙarfen da ke ƙarƙashin sifirin mai falle-falle na kamfani ne, ba a ƙara ba, ba a cire ba.

Na auna kaurin faifan. Inci 2 cif, kamar yadda ya ce.

A nan ne kuskuren yake, kuma kuskure ne na mai hankali, domin kowa zai zaci kauri shi ne tsayi. Na kai shi bakin ƙofar gareji na ce ya riƙe ta kusa da hinji ya tura kaɗan. Hannunsa ya matsa ɗan taƙi, bakin ƙofar kuwa ya yi tafiya mai nisa. Hannun ƙasa na mota haka yake. Gindinsa yana maƙale da shasi, taya tana can ƙarshensa, shoka kuma tana zaune a tsakani, wajen kashi biyu cikin uku na tsawonsa. Duk abin da ka tura a wurin shoka, yana isa wurin taya ne da ƙari. Muka auna a jikin hannun, daga bushin, wato robar da ke gindinsa, zuwa mazaunin shoka, daga bushin zuwa bol-joyin, mahaɗin da ke ƙarshensa wajen taya, lissafi ya fito kusan ɗaya da rabi. Inci 2 sau ɗaya da rabi, inci 3. Abin da tef ya nuna a madigad ke nan.

Sunan da ake rubutawa a kwalin kaya tsayin da mota za ta samu ne, kaurin faifan kullum ƙasa da haka yake a motoci masu irin wannan ƙafa. A F-150, kayan da ake kira na inci 2 kaurinsu bai kai inci ɗaya da rabi ba ko daidai nan. Kowace mota da nata lissafin, ya danganta da inda shoka ta zauna a kan hannu. A mai gatari guda ne kawai kauri da tsayi suke tafiya kusan ɗaya. Ƙanina ya yi wata huɗu yana tuƙa kayan inci 3 da sunan na inci 2.

Abin da inci 3 ya yi

Gani ya kori ji, sai na haska masa tocila. A zagaye na biyu na sifirin ɗin hagu akwai wuri kamar faɗin babban yatsa da fenti ya goge, ƙarfe yana sheƙi fes. Daidai saitinsa, a cikin hannun sama, akwai irin wannan tabo. Da motar ke rataye a kan jak, ƙafa a sake, hannun yana jingine da sifirin ɗin, ko takarda ba za ta ratsa ba. Wannan shi ne "ƙwas" ɗin. Sifesar sama tana tsawaita shoka gaba ɗayanta, don haka in taya ta faɗa rami tana sauka ƙasa da inda aka tsara mata, sai hannun sama ya bi ta har ya daki sifirin.

Bol-joyin na sama shi ya fi shan wahala. Ƙwallo ne a cikin kwano, yana da iyakar karkatar da zai yi. A wannan tsayi ya riga ya cinye yawancin karkatarsa tun motar tana tsaye, abin da ya rage kaɗan ne, kowane rami sai wuyansa ya daki bakin kwanon. Robar na hagu ta tsage, giris ya fita, ƙasa ta shiga. Da na kama cibiyar sama da ƙasa na girgiza, ana jin motsi. Wannan ne ya fi tayar min da hankali a duk abin da na gani, domin in bol-joyin ya fita daga kwanonsa ana cikin gudu, taya kwanciya take yi, kuma mutumin da ke bayan sitiyarin ƙanina ne.

Shaf ɗin gaba ma, wato ƙarfen da ke juya tayar gaba, ya sunkuya fiye da kima, ninkin robarsa na ciki suna gugar juna har sun yi sheƙi, ko da yake ba su fashe ba tukuna. Tayoyin kuwa da na shafa da tafin hannu, ta wannan gefe santsi, ta wancan kaifi kamar haƙoran zarto. Alamar bakin tayoyin ba ya kallon gaba sosai ke nan, wato ko dai ba a yi alaimen bayan ɗagawar ba, ko an yi na jeka-na-yi-ka.

Fitila lissafinta mai sauƙi ne. Tsakanin tayar gaba da ta baya a wannan mota kusan inci 145 ne. Ɗaga gaba da inci 3 yana karkata motar da ɗan sama da digiri ɗaya. A ido ba komai ba ne, amma a nisan mita 30 hasken ya tashi da kusan santimita 60, daga kan titi ya koma fuskar direban ƙaramar mota.

Zaɓi

Tambayar da nake fara yi wa duk mai son ɗaga gaba ita ce: me motar take ɗauka, kuma kwana nawa a mako? Shi kullum ne. Don haka na ce ya je ya lodo kayan aikinsa yadda ya saba ya dawo. Da ya dawo muka sake awo. Baya ya sauka zuwa 21 da kwata uku, gaba ya ƙara tashi zuwa kusan 25. Tazarar ta wuce inci 3, motar ta zauna a kan gindinta kamar kwale-kwalen da kowa ya koma baya. A haka yake tuƙi, wani lokaci da tirela a kai.

Ra'ayina na faɗa masa ba ɓoye-ɓoye: a cire komai a mayar da ita yadda aka ƙera ta. Motar da ba ta rabuwa da kaya tana buƙatar wannan sunkuyon na kamfani, don shi aka yi shi. Daidaita mota tana wofi ya dace da wanda bayan motarsa yake wofi yawancin lokaci.

Bai yarda ba, kuma yana da hujja. Tsohon mai motar ya sa mata taya 275/70R18, mai tsayin kusan inci 33, a maimakon 275/65R18 mai kusan inci 32 da ke rubuce a takardar ƙofa. Tayoyin baya lafiyarsu ƙalau, na gaba ma za su ƙara tafiya in an gyara alaimen, ba ya son zubar da su. Wuraren da yake kai aiki kuma hanyoyinsu ba daɗi, ƙarin tazara a ƙarƙashin hanci yana da amfani gare shi. Sai kuma abin da bai faɗa ba amma na gani a fuskarsa: yana son tsayuwar motarsa. Ban raina wannan ba. Mutum yana da haƙƙin son abin da ya sha wahala ya saya.

Muka jera hanyoyin. Ƙaramar sifesa, mai ba da inci ɗaya da rabi, ita ce mafi sauƙin aiki, kuma a kan shoka mai lafiya ba ni da ja da ita. Amma tamu ta mutu, sai an sayi sabuwa ko ta yaya, ga shi kuma sifesa komai ƙanƙantarta tana ƙara tsawon saukar ƙafa. Barin inci 3 ɗin a sayi hannun sama na musamman, mai gyararren mazaunin bol-joyin, zai magance dukan sifirin, amma ba zai miƙar da shaf ba, ba zai kuma sauke hancin da ke kallon sama ba. Cikakkiyar shoka mai zare da sabon sifirin ta fi ƙarfin buƙatarsa, an yi ta ne don masu gudu a daji.

Abin da ya rage shi ne shoka mai tsagi, irin su Bilstein 5100, wadda ake mayar mata da sifirin ɗin motar na asali. Zoben kilif ɗin shi ke riƙe mazaunin sifirin, kowane tsagi da tsayinsa. Alherinta shi ne shokar da kanta take tsayar da saukar ƙafa a inda aka auna mata, hannun sama ba ya kai wa sifirin. Tana da nata sharaɗin. Duk tsagin da ka hau, motar tana tsayuwa ne a sama cikin tafiyar shokar, abin da ya rage na sauka yana raguwa. Shi ya sa masu sa ta a tsagin ƙarshe suke kukan mota ta yi tauri. Sifirin ɗin bai ƙara tauri ba, shokar ce take saurin kai ƙarshenta a kan gargada. Sauya tsagi kuma sai an sake kwance komai, don haka sau ɗaya ake son a yanke shawara.

Muka tsaya a kan tsagin tsakiya, wanda zai ba da ɗan sama da inci ɗaya. Ya so na sama da shi. Na ce: "Ƙanena, ka tuna yadda ta tsaya ɗazu da kayanka a kai." Ya yi shiru, sannan ya ce a sa na tsakiyar. Kafin ya yi oda muka karanta bayanin kayan layi-layi: shekarar 2014 tana ciki, mai jan ƙafa huɗu, ba ta Raptor ba, kuma hoton ya nuna gindi mai ƙusa biyu. Muka haɗa da hannun sama guda biyu irin na asali, tunda a wannan mota bol-joyin na sama tare da hannunsa ake sauya shi, kuma a wannan ɗan tsayi babu buƙatar na musamman. Sababbin hulunan shoka ma muka sa a ciki.

Ɗauri da sakamako

Aikin bai da wani abin mamaki, sai wurare kaɗan da ba a wasa da su. Sitiyarin motar na lantarki ne, don haka na cire batir tun farko, kuma da abin zarewa na raba tayarod, ƙarfen da ke haɗa sitiyari da taya, ban doke shi da guduma ba. Sifirin a injin matsewa na bango muka matse shi. Ƙarfin da ke cikin sifirin ɗin akori-kura ya isa ya karya hannu ko fuska, ƙananan ƙugiyoyin nan biyu na ƙananan motoci ba nasa ba ne. Ƙusoshin bushin na hannun sama da na ƙasa ban ƙarasa ɗaure su ba sai da motar ta sauka ta tsaya da nauyinta, domin bushin da aka ɗaure ƙafa tana rataye a murɗe yake kwana, ba ya daɗewa.

Ranar muka kai ta alaimen. Ramukan hannun ƙasa a shasin F-150 masu tsawo ne don a samu wurin gyara, kuma a wannan tsayi mai injin ya dawo da komai cikin iyakar kamfani ba tare da ƙarin kaya ba. Na karɓi takardar awon na ba ƙanina ya ajiye. Da dare muka tsayar da ita ƙafa 25 daga bango muka sauke fitilun. Wannan mota ba ta da kyamara ko radar a gaba, amma sababbin akori-kura masu birki da kansu suna da su, kuma bayan an sauya tsayi sai an sake saita su.

Muka murɗa sitiyari har ƙarshe hagu da dama, gaba da ribas, tayar inci 33 ba ta taɓa komai ba, sai ɗan gefen robar cikin madigad na dama da muka gyara wa zama. Na tuna masa cewa da wannan taya agogon gudu yana rage masa kusan kashi 3 cikin 100, in ya ga 100 to yana wajen 103.

Bayan mako biyu ya dawo na sake bin notuna da ma'aunin ɗauri, muka sake awo bayan sifirin ya zauna. Gaba 23, baya 23 da kwata uku. Ƙarar ta tafi, na shafa fenti a tsohon tabon sifirin tun ranar ɗauri, kuma yana nan ba abin da ya taɓa shi. Da kayansa a kai, gaba 23 da kwata, baya 21 da kwata uku. Har yanzu hancin yana sama da inci ɗaya da rabi in ta yi lodi, rabin abin da yake a da, amma bai gamsar da ni ba, na kuma gaya masa. Maganin wannan a baya yake, ko ƙarin falle a sifirin ko jakar iska mai taimaka masa, kuma mun sa shi a aikin da za a yi kafin ya sake ɗaura tirela mai nauyi.

A cikin littafin motar na rubuta lambar shokar, tsagin da zoben yake, awon kusurwa huɗu da kaya da babu kaya, da ranar alaimen. Tsohuwar sifesar kuma na rubuta mata a jiki da farin fenti, "kauri 2, ɗagawa 3, F-150", na ajiye ta a kan kanta kusa da tef.